rm ko truncate, idan fayil ya cinye diski

Samarinmu masu kula da sabobin kamfanonin aikin Hajji a Jidda, da fayil ɗin log (inda manhaja ke rubuta bayanan aikinta) ya cika diski sai su buga rm, umarnin goge fayil. To, sunan fayil ɗin kawai rm ke cirewa. Muddin wata manhaja na riƙe da fayil ɗin a buɗe, Linux ba ya sakin bulo ko ɗaya na wurin da fayil ɗin ya ci a diski, df kuma, umarnin da ke nuna sauran wuri, ya nace diski a cike yake.

Shi kuwa truncate -s 0, umarnin da ke mayar da girman fayil sifili ba tare da cire sunansa ba, nan take yake sakin bulolin. Shi nake zaɓa. Sai dai in manhajar ba da O_APPEND (tsarin da ke sa kowane rubutu ya tafi ƙarshen fayil) ta buɗe fayil ɗin ba, daga inda ta tsaya za ta ci gaba da rubutu, ta bar rami a baya: ls mai nuna girman fayil ya nuna ƙato, du mai nuna wurin da ya ci a diski ya nuna ɗan mitsitsi.