Hattara da Masu Tallar Jug ɗin Tace Ruwa: Tsatsar Ƙarfensu Suke Nuna Muku

Jama'ar Agege, Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago da duk inda Bahaushe ke neman abincinsa a Legas, assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don babu magidancin da ke son ya fito fili ya ce an yi masa wayo a tsakar gidansa, gaban matarsa da 'ya'yansa. Amma shekaranjiya na ji labarin masu tallar jug ɗin tace ruwan nan sun ɓulla wajen 'yan Abbatuwa da kayansu, sai na ga idan na ci gaba da yin shiru, da ni ake cutar jama'a.

Su biyu ne. Ɗaya yana sanye da farar riga irin ta ma'aikatan ɗakin gwaji, ba ya yawan magana. Ɗayan shi ne bakin tafiyar, Hausa kamar jakin Kano, ga iya gaisuwa, ga ambaton Allah a kowace gaɓa. A ƙofar masallaci suka tare mu bayan la'asar, suka ce gwajin ruwa suke yi kyauta gida-gida saboda kwalara. Duk wanda yake garin nan a watan Yunin 2024, lokacin da gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar amai da gudawa, ya san yadda kalmar nan take kaɗa hantar mai iyali har yau. Ni da ƙafata na ja su zuwa gida.

Suka ce a ɗebo ruwan da muke sha. Uwargida ta kawo kofin gilashi cike da ruwan burtsatse, wanda ɗan garuwa ke kawo mana a jarka kullum da safe, garau da shi. Mai farar riga ya fito da wata 'yar na'ura mai sandunan ƙarfe huɗu, biyu a kowane gefe. Ya tsoma biyu a kofinmu, biyu a wani kofin da ya tsiyayo daga jug ɗinsu, ya jona a soket. Ba a yi minti biyu ba ruwanmu ya fara kumfa, ya yi ruwan ɗorawa, ya koma kore, daga nan ya zama wani jan ƙasa mai kauri da dusar-dusar baƙi tana yawo a sama, kamar an ɗebo daga kwatar bakin kasuwa. Na jug ɗinsu kuwa yana nan fes.

Mai Hausar ya girgiza kai, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan fa shi ne abin da ƙodar yaranka ke fama da shi kullum." Uwargida ta dafe ƙirji tana salati. Ni kaina sai da na ji tashin zuciya. Suka ƙara da wani abu mai kama da biro mai lambobi, suka tsoma a ruwanmu ya nuna 280, a nasu ya nuna 6. Wai lambar nan adadin ƙwayoyin cuta ce.

Sai kuma aka zo wurin da suka san zai fi shiga ran matar gida. Jug ɗin nan, in ji su, yana kashe taifot da kwalara, yana cire gishiri, yana mai da ruwa alkalin, wato kishiyar asid, mai maganin olsa da hawan jini, matacin cikinsa kuma shekara biyu yake yi ba a canza ba. "Hajiya, daga yau kin huta da ɓarnar gas wajen dafa ruwa." Duk wanda ya san abin da cika tukunyar gas ke ci yanzu zai gane dalilin da ya sa maganar ta zauna mana. Naira dubu 45 na tura, a asusun wani mutum, ba na kamfani ba, rasit kuma aka ce gobe za a kawo. Suka ce idan na haɗa su da gida uku za a mayar mini da rabin kuɗina. Na haɗa su da biyu. Wannan ne ya fi ci mini rai a cikin lamarin duka, don da sunana maƙwabtana suka yarda.

Mun yi kamar mako 5 muna shan ruwan jug, an daina dafawa. Sai autarmu ta kwana tana gudawa da amai, da asuba muka nufi asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa leda uku. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Likitar ta tambayi irin ruwan da muke sha, na ba ta labarin jug da alfahari. Ta ajiye biro ta ce, "Malam, wa ya ce maka wannan yana kashe ƙwayoyin cuta? Ku koma dafa ruwa tun yau." Ba zan rantse cewa ruwan ne ya kwantar da yarinyar ba, yaro ba abin da ba ya kai wa baki. Abin da na sani shi ne mun baro dafa ruwa, wanda yake kare mu, mun kama abin da ba ya kare komai. Gudun gara, faɗawa gidan zago.

Wanda ya warware mini sihirin na'urar nan kawuna ne, mai cajin batir da gyaransa, ya fi shekara 30 a sana'ar. Ina cikin ba shi labari ya katse ni da dariya, ya ce, "Ɗana, sandunan nan, ɗaya ba baƙin ƙarfe ba ne, ɗaya fari mara nauyi?" Na ce haka ne, Kawu. Ya ce to zauna. Ya ɗauko ƙusa biyu, ya ɗaura musu waya, ya haɗa da batirin mota. Ya zuba ruwan da suke ƙara wa batir, ba asid ɗin ba, tsiyayayyen nan da ake samu daga tururi, ya tsoma ƙusoshin. Shiru, ko motsi. Sai ya ɗebi gishirin miya ɗan mitsitsi da yatsa biyu ya barbaɗa. Nan take kumfa ta tashi, ba da jimawa ba ga koren nan da jan ƙasar nan da na gani a gidana sak. Muka gwada ruwan roba na kanti da aka ɓalle murfinsa a gabana, ya yi. Na aika yaro ya ɗebo daga jug ɗin da na saya dubu 45, shi ma ya yi.

Bayanin ba shi da wuya. Ruwan da ke da ɗan gishiri ko sinadaran ƙasa a cikinsa yana ɗaukar wutar lantarki. Idan wuta ta bi ta cikinsa, sandar baƙin ƙarfen ce take zagwanyewa ta zuba cikin kofi, ta fara da kore, iska ta taɓa ta ta koma ja. Tsatsa ce kawai, tsatsar ƙarfensu, ba dattin ruwanka ba. Ruwan da babu komai a cikinsa kuwa wuta ba ta samun hanya, ƙarfen ba ya narkewa. Sai a lokacin na tuna cewa jug ɗin nasu da ruwa a ƙasansa suka zo da shi. Namu suka zuba a sama yana ɗiga a hankali, na ƙasan suka tsiyaya a kofi. Kawu ya ce ya ci amanar sana'arsa idan ba ruwan batir ba ne. Ya kuma ja kunnena cewa irin tasu da ake jonawa kai tsaye a soket tana iya kashe yaron da ya sa hannu a kofin, ni kuwa yarana a tsaye suke kewaye da ita suna leƙe.

Abin nan mai kama da biro shi ma ba ƙarya yake yi ba, masu riƙe da shi ne maƙaryata. TDS ake ce masa, yana auna yawan gishiri da sinadaran da suka narke a ruwa ne, bai san ƙwayar cuta ba ko kaɗan. Ruwa zai iya nuna 20 yana ɗauke da kwalara, wani ya nuna 300 lafiyarsa ƙalau. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ma ya yarda har zuwa 500. Ashe 280 ɗin da aka tsorata ni da ita ba laifi ba ce.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk jug ɗin tace ruwa damfara ne. Akwai na gaske, kamfanoni irin su Brita sun daɗe suna yin su. Abin da ke cikin matacinsu gawayi ne na musamman, galibi na ɓawon kwakwa da aka sarrafa, da wasu ƙananan ƙwayoyin roba masu kama wasu ƙarafa. Aikinsu rage warin kulorin, gyara ɗanɗano, wasu kuma suna rage irin su dalma. An ƙera su ne don ruwan famfo wanda an riga an kashe masa ƙwayoyin cuta, irin wanda ake tacewa a matatun ruwan gwamnati na Iju da Adiyan, kuma masu yin na gaskiyar da kansu suna rubuta haka a takardar da ke cikin kwali. Mu kuwa yawancinmu a nan me muke sha? Burtsatse, rijiya, ruwan 'yan garuwa. Gida a matse, rijiya nan, ramin salga nan, taku kaɗan tsakani, damina ta zo kwata ta cika ta malale ko'ina. Irin wannan ruwan gawayi ba ya iya masa. Gishirin da ke ruwan burtsatsen wajen Lekki da Ajah shi ma jug na yau da kullum ba ya cire shi, wannan aikin wata na'ura ce daban mai tsada da ake kira RO.

Batun shekara biyu kuwa, shi ya kamata ya farkar da ni tun farko. Matacin jug na gaske wajen lita 150 yake tacewa, kimanin wata ɗaya zuwa biyu ke nan, sai a jefar a sa sabo. Gida mai mutum 8 kamar nawa, jarka shida ta lita 25 ta cinye shi. Idan ya wuce lokacinsa yana zaune a jiƙe cikin zafin Legas, shi da kansa yake zama gidan ƙwayoyin cuta. Zancen alkalin mai maganin olsa ban ma tsaya ɓata lokaci a kansa ba; ruwan yana isa ciki zai tarar da asid ɗin da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Da na dawo daga wajen Kawu na sa wuƙa na fasa matacin namu. Soso, tsakuwa, ɗan yashi, da gawayin da bai bambanta da na mai gasa masara ba. Kwalin babu adireshi, sai tutar Jamus da tambarin NSF da aka buga a karkace. NSF ƙungiya ce ta Amurka da ke gwada irin waɗannan kaya, tana da shafi a intanet inda ake duba sunan duk abin da ta amince da shi. A jikin tambarinta, lamba 42 na nufin ɗanɗano da wari kawai, 53 na nufin rage wasu abubuwa masu illa ga lafiya kamar dalma, kuma ko 53 ɗin ba ta nufin ka ɗebo ruwan rijiya ka sha. Ɗan ƙanwata ya duba sunan namu a waya, babu shi babu alamarsa. Lambar wayar mai Hausar kuwa tun mako na biyu take a kashe.

To ga roƙona. Duk wanda ya zo muku da na'ura mai sandunan ƙarfe, kada ku bari ya jona ta a gidanku. Idan kuna son ku ga ƙarshen wasan, ku ce ya zubar da ruwan da ya zo da shi, ya tace naku a gabanku tun daga busasshen jug, sannan ya gwada. Ko ku barbaɗa gishiri a kofinsa. Za ku ga yadda uzuri zai taso masa nan take. Wanda kuma yake da ruwan famfo yana son jug don ɗanɗano, ya je kantin da yake da mazauni, ya karɓi rasit, ya tambayi kuɗin matacin canji da inda ake samunsa kafin ya biya, don jug ɗin da babu matacinsa a kasuwa roba ce kawai.

Mu dai mun koma gidan jiya. Idan ruwa ya zo da laka, uwargida ta sa alam ya kwanta, ta tsiyaye, ta dafa har ya tafasa sosai ya yi minti ɗaya yana ɓulɓula, a zuba a roba mai murfi da ba a tsoma kofi a ciki. Ranar da gas ya yi ƙasa muna sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30 kafin a sha. Warin kulorin ɗin yana damun yara, amma sun saba.

Na kai maganar ga limaminmu ya faɗa bayan sallar Juma'a, kuma mu ukun da aka karɓe wa kuɗi muna haɗa shaidar tiransifa za mu kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta jiha, LASCOPA, ko ta tarayya, FCCPC. Ban sa rai kuɗin zai dawo ba. Maƙwabtana biyu na kai musu rabi-rabin kuɗinsu daga aljihuna, ɗaya ya karɓa, ɗaya ya ce in bar shi, wanda hakan ya fi mini nauyi fiye da a ce ya karɓa. Duk wanda abin ya shafa a Mile 12 ko Alaba Rago ya adana alat ɗinsa da kwalin, kada ya yar don kunya.

Jug ɗin yanzu zoɓo ake zubawa a ciki. Fasasshen matacin na ƙulle shi a leda na ajiye a shago tare da ƙusoshin Kawu guda biyu, duk wanda ya zo da musu sai in ce a miƙo kofi da gishiri.