Ciwon hanjin 'yan dawaki da aladu: rigakafi ko magani?

Masu kiwo suna yawan tambaya kan ciwon hanjin da ƙwayar Lawsonia intracellularis ke haddasawa: a yi rigakafi ne, ko a bari sai ya zo a yi magani? Yakan kama aladu masu tasowa da 'yan dawakin da aka yaye. Bangon hanji ya yi kauri, dabba tana ci tana ramewa. Ɗan doki har ƙasan cikinsa da ƙafafunsa kan kumbura.

Wajen kuɗi, rigakafi sai an bi garke duka, alhali kowa lafiya lau. Magani na mai ciwo ne kaɗai, sai dai ɗan doki kan yi sati 2 zuwa 3 yana shan doxycycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma girmansa kan ja baya.

Rigakafin Enterisol Ileitis a ruwan sha ake zuba wa aladu. Amma ƙwaya ce mai rai: sai an ajiye ta a firiji, a kuma dakatar da maganin kashe ƙwayoyin cuta kwana 3 kafin a ba su da kwana 3 bayan haka. Inda wuta ba ta tsayawa, wannan jan aiki ne. Don aladu aka yi shi. Amma ana ba 'yan dawaki ma, ta dubura likitoci ke sa musu.

Haɗarin magani ya fi ba ni tsoro. Erythromycin, shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, na iya jawo wa babban doki gudawa mai kisa, yawan barbaɗa magani a abinci kuma yana sa ƙwayoyin su daina jin sa.

Mai babbar gona da ciwon ke dawo masa duk shekara, rigakafi ya fi masa. Mai doki ɗaya ko biyu a turke, ya sa ido lokacin yaye, ya kira likitan dabbobi da zarar ya ga rama.