Bambancin "misplaced modifier" da "dangling modifier"

Ƙanwata, kin ce malaminku na Turanci ya ja jan biro a ƙarƙashin jimloli biyu a insha'inki, ya rubuta "misplaced" a ɗaya, "dangling" a ɗayar, ke kuma kina ganin duk kanwar ja ce. Sun yi kama, domin duk matsala ce ta "modifier", wato kalma ko kalmomin da ke ƙara bayani kan wani abu a jimla, amma ciwonsu daban, maganinsu ma daban.

Ga misalin irin ta farko: "Binta served tuwo to the guests in a calabash." Kowa ya san tuwon ne a cikin ƙwarya. Sai dai Turanci yana liƙa bayani ne ga kalmar da ke maƙwabtaka da shi, don haka a rubuce baƙin ne suka shiga ƙwaryar. Abin da ake bayyanawa, wato tuwo, yana nan cikin jimlar, nisa kawai aka yi masa. Ki ɗauko bayanin ki ajiye shi kusa da mai shi: "Binta served the guests tuwo in a calabash." Shi ke nan, ba ki ƙara komai ba. Wannan shi ne "misplaced".

Ta biyun, wato "dangling", ita ce ta fi kama mu Hausawa, kuma ina ganin na san dalili. "Walking to the market, the rain started." Wa ke tafiya kasuwa? Nemi mutumin a jimlar, ba za ki same shi ba. Sunan da ya biyo bayan waƙafi shi ne "rain", sai ya zama ruwan sama ne ya kama hanyar kasuwa. Da Hausa kuwa mukan ce "Ina tafiya kasuwa sai ruwa ya sauko", kuma babu aibu ko kaɗan, domin "ina" ɗin nan ta riga ta ɗauko mai tafiyar a cikinta. Da "tana" aka ce, mun san mace ce. Kalmar "walking" ba ta ɗauke da kowa. Ɗalibi ya yi tunani da Hausa, ya juya zuwa Turanci, mai aikin ya zube a hanya bai sani ba. Na sha ganin wannan a takardun yaran da ke shirin WAEC da NECO, har da masu ƙoƙari sosai, abin yana damuna ƙwarai.

A nan ko kin yi ta juya jimlar har gobe ba za ta gyaru ba, dole ki shigo da wanda ya ɓata: "As I was walking to the market, the rain started." Ko kuma "Walking to the market, I was caught in the rain."

To idan kin sake cin karo da jan biron, tambayi kanki: wanda ake bayyanawa yana cikin jimlar? In yana nan, matso da bayanin kusa da shi. In ba ya nan, rubuto shi. Turo mini jimlolin naki biyu mu gwada a kansu.