Sharhi kan aikin rewaya da sabon katawut a tsohuwar motar soja mai cajin da ya wuce ƙima

Motar da nake ɗaukar hatsi da ita daga ƙauyuka zuwa kasuwar Dawanau ƙirar Mercedes-Benz 1017 ce, irin wadda rundunar sojin Jamus ta fara amfani da ita a ƙarshen shekarun 1970, daga baya ta yi gwanjonsu har suka iso ƙasashenmu. Injinta OM 352 ne mai silinda 6, tana ja da ƙafa huɗu, kuma wutarta bolt 24 ce, wato batir biyu masu bolt 12 da aka haɗa a jere. Wannan tsarin wutar shi ne inda masu gyara da yawa suke tuntuɓe, shi ya sa na ga ya dace in bayyana yadda wani rewaya, wato mai gyaran wutar mota, a Kano ya gano matsalar cajinta, da kuma yadda katawut ɗin da ya sa, wato na'urar da ke daidaita caji, yake aiki tun daga lokacin.

Alamomin sun taru ne a hankali. Ruwan batir yana ƙafewa da wuri, kwan fitilar gaba yana yawan ƙonewa, hasken kuma yana ƙaruwa sosai duk lokacin da direba ya taka totur. Daga baya akwatin batir ya soma wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ɗaya daga cikin batiran kuma ya yi zafi har gefensa ya kumbura. Wannan ba abin wasa ba ne, domin batirin da ake dafawa da caji yana fitar da iskar haidirojin, wadda tartsatsi kaɗan ya isa ya tayar da ita.

Abin da ya fara burge ni game da wannan rewaya shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya ɗauko mita. Ya kuma hana yaron motata cire kan batir alhali inji yana aiki, gwajin da aka saba yi a gareji don a ga ko altaneta, wato na'urar da ke samar da wutar mota, tana caji. Ya ce masa, "Ɗan'uwa, batir shi ke shanye tsallen wuta, idan ka cire shi sai dayod ɗin cikin altaneta ya ƙone, mu koma neman wata matsalar." Ina tare da shi a kan wannan, kuma ina fata masu motoci su daina yarda a yi musu wannan gwajin.

A tsarin bolt 24, caji mai lafiya yana tsayawa ne tsakanin 27.5 da 28.5, kuma daga wajen 28.8 ruwan batir yake fara tafasa yana raguwa, musamman a zafin bazara irin namu, inda batir ya fi son cajin da ya ɗan yi ƙasa. Motata a silo ta nuna 29, da aka taka totur kuma ta haura 31.5. Da yawa a nan za su yanke hukuncin cewa altaneta ta lalace, a kwance ta a sayo wata. Shi kuwa sai ya auna kowane batir shi kaɗai, ya ga ɗaya yana karɓar 16.5, ɗayan kuma 15. Da ya bi wayoyi sai ya tarar wani da ya riƙe motar kafin ni ya jawo bolt 12 daga batir guda domin rediyo da cajin waya. Wannan dabarar tana rage cajin batirin da ake ja daga gare shi, ta bar ɗan'uwansa yana shan fiye da rabonsa, kuma shi ne dalilin da ya sa guda ɗaya kawai ya kumbura.

Duk da haka jimillar wutar ta yi yawa, don haka ya koma kan katawut. A motata ba a cikin altaneta yake ba, yana gefe a akwatinsa, da wayoyi uku masu alamar D+, DF da D-. Ya auna tsakanin jikin katawut ɗin da kan batir na nagatif, ya sami kusan bolt 1, alhali bai kamata ya wuce 0.2 ba. Bayaninsa ya gamsar da ni ƙwarai: katawut yana auna wuta ne daga wayar at ɗinsa, wato wadda ke haɗa shi da ɓangaren nagatif, saboda haka idan tsatsa ko fenti ya shiga tsakani, sai ya ga wutar ta yi ƙasa da yadda take, ya ci gaba da umartar altaneta ta ƙara. Motocin soja kuwa an sha yi musu fenti a kan fenti, har a wuraren da ya kamata ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ya goge mahaɗan da samfefa, ya canza wayar, ya ɗaure noti, ya shafa giris, mita ta sauko zuwa 30.4.

Gwajin ƙarshe shi ne ya kashe inji, ya zare wayar DF, wadda ke kai wuta daga katawut zuwa kwayil ɗin cikin altaneta, ya sake tayar da mota, sai caji ya tsaya gaba ɗaya. Wannan ya nuna cewa kwayil ɗin cikin altaneta ba ya samun wuta ta ɓarauniyar hanya, laifin na katawut ne, wanda dama ba na asalin motar ba ne, babu ko sunan kamfani a jikinsa. Mun sayo sabo na lantarki mai lamba 28V a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma ya nace sai wanda yake ciyar da DF ta ɓangaren fozitif, domin akwai masu yankewa ta nagatif waɗanda ba za su yi aiki da wannan altanetar ba ko da sun shiga soket.

Tun da aka ɗaura shi mita take tsaye a kan 28.2, ko a silo ko a guje, idan an kunna dukkan fitilu kuma ta ɗan sauko zuwa 27.9. Ban sake canza kwan fitila ba, ruwan batir kuma yana daɗewa. Abin da ban ji daɗinsa ba a katawut ɗin shi ne a rufe yake ruf, ba shi da wurin rage ƙarfin caji, kuma da na so a sauke shi kaɗan saboda zafin watan Afrilu. Wayoyinsa ma gajeru ne, sai da aka yi musu ƙari.

Shi ma rewayan yana da nasa rauni. Aikinsa yana cin lokaci domin motoci sun yi masa yawa, kuma ba ya ajiye kayan bolt 24 a shagonsa, dole mai mota ya shiga kasuwa da kansa. Amma kuɗin aikinsa da na katawut da na ƙaramar kwanbata mai sauke wuta daga 24 zuwa 12 da ya haɗa wa rediyo, gaba ɗaya ba su kai kuɗin batir guda ba. Batiran kam sai da na canza su duka biyun, domin ya gargaɗe ni cewa haɗa sabo da wanda ya riga ya gaji zai dawo da rashin daidaiton caji, kuma ya sa direbana ya riƙa auna kowanne shi kaɗai duk ƙarshen wata.