Sayen dashe don tunawa da malami: sharhi kan masu renon itatuwa na bakin titi

Akwai irin malamin makarantar da ake sani da dashen itatuwa: ya raba wa kowane aji bishiyarsa, ya tsaya a kan yara su yi ban ruwa kafin a buga ƙararrawa, ranar Asabar kuma yana wurin aikin gayyar yashe magudanan ruwa ba a biya shi ko sisi ba. Idan Allah ya yi wa irin wannan malami rasuwa, tsofaffin ɗalibansa kan yanke shawarar dasa itatuwa a harabar makarantar, ladan ya je gare shi. Shawarar tana da madogara, domin hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna duk Musulmin da ya yi dashe ko shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Sai a haɗa kuɗi, a wakilta mutum biyu su nufi wurin masu renon itatuwa da ke jere a bakin manyan tituna a Kano, Kaduna, Zariya, Katsina ko Maraɗi.

Kayan waɗannan mutane yana da kyau, idan mai saye ya san abin da zai duba. Suna da iri daban-daban a wuri ɗaya, kana ganin abin da za ka biya da idonka, ana yin ciniki, kuma yawancinsu za su samo maka a-kori-kura su kai kaya har ƙofar makaranta. Matsalarsu ita ce sana'ar ta ginu a kan abin da ke burge ido ranar ciniki, alhali abin da ke burge ido shi ne ya fi saurin mutuwa bayan an dasa.

Dashen da za su fara nuna maka shi ne dogo, mai tsawon mita ɗaya ko fiye, ganye kore shar. Kada ka yi saurin ɗauka. Kama ledar ka ɗaga. Idan ta ƙi tashi, ko ka ji wani abu ya tsinke a ƙasa, saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa, kuma da wannan saiwar bishiyar take shan ruwa. Ranar da aka tumɓuke ta aka loda a mota ta rasa rabin ƙarfinta, nan da kwana uku ganyen ya yi yaushi. Sannan ka sayi guda ɗaya, ka yage ledar a gaban mai kayan. Dashen da ya daɗe a ƙaramar leda za ka tarar saiwarsa ta nannaɗe a gindi kamar gammo. Irin wannan ko ya rayu ba ya zurfafa saiwa, sai ya tsumbure, ko iskar farkon damina ta kayar da shi bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da kowa ya ɗauka ya kama. Wanda ya dace shi ne mai tsawon santimita 30 zuwa 50, kaurin jikinsa kamar na fensir, ƙasar ledar a haɗe, fararen saiwoyi ƙanana a gefe. Ya fi arha, kuma cikin shekara biyu yakan wuce dogon.

A duba kuma inda aka ajiye dashen. Wanda ya tashi a ƙarƙashin rumfa ana ba shi ruwa safe da yamma bai san rana ba. A nemi mai kayan ya fito da shi fili, ya rage masa ruwa na mako biyu kafin ranar ɗauka. Wasu suna yarda idan an ba da kafin alƙalami, kuma wanda ya yarda da wannan shi ne ya kamata a riƙe.

Wajen mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, aka fi cutar mai saye, domin kuɗinsa ya ninka na wanda aka shuka daga ƙwallo sau da dama. Amfanin auren shi ne bishiyar ta fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, maimakon shida zuwa takwas, kuma a san irin da za ta haifa. Ledar da aka ɗaure a jikin dashe ba ita ce shaidar aure ba. A nemi wurin haɗin: tabo ne da ya warke, ɓawon sama da na ƙasa sun ɗan bambanta, kuma reshen sama ya fitar da sabon ganye. Idan haɗin ɗanye ne, ko tohon yana fitowa daga ƙasan tabon, a ajiye shi. Bayan an dasa ma duk tohon da ya fito ƙasa da haɗin a cire shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi auren a koma mangwaron ƙwallo.

Shawarar da masu renon suke bayarwa kan zaɓin iri ba abin dogaro ba ce sosai, don abin da ya yi musu yawa shi suke yabawa. Ga harabar makaranta, darbejiya ce ta fi jure fari da rashin kulawa, ga inuwa mai kauri a Maris da Afrilu lokacin da ɗalibai suka fi buƙata, amma a nisanta ta da ajujuwa da katanga aƙalla mita 6, domin saiwarta na tsaga gini. Maɗaci da tsamiya suna jinkirin girma, sai dai su ne za su kai jikokin ɗaliban. Zogale na saurin tashi amma ba shi da inuwar kirki, wurinsa lambun makaranta. Bishiyar turare tana shan ruwa da yawa, kada a kai ta kusa da rijiya. Mangwaro da gwaiba sai inda akwai rijiya ko famfon burtsatse a cikin harabar. Tazarar mangwaro mita 10, ta darbejiya mita 7 zuwa 8, ko da mai sayarwa ya ce a matse don a sayi da yawa.

Ranar ɗauka a yi lodi da yamma, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, domin iskar buɗaɗɗiyar mota tana ƙona ganye. A kama ta leda, kada a kama ta wuya.

Lokacin dashe ma ana yawan kuskure shi. Kwamitin tsofaffin ɗaliban kan so a yi bikin ranar da malamin ya cika shekara da rasuwa, ko ranar 5 ga Yuni da ake bikin muhalli ta duniya, kuma mai sayar da dashe ba zai hana ba. A ƙasar Kano da Katsina da kudancin Nijar ruwa bai zauna ba a farkon Yuni, ana iya yin mako biyu ba ɗigo. A yi addu'a da taro a ranar da aka so, a bar dashen sai tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, lokacin da danshi ya nutsa ƙasa. Ta haka bishiya za ta sami kusan wata biyu na ruwan sama kafin ya ɗauke.

Da yawa daga masu renon suna karɓar kwangilar dasawa, kuma a nan ne aikinsu ya fi rauni. Yaran da suke turowa kan haƙa rami daidai girman leda, wani ma ya tura dashen da ledarsa ya rufe. A gindaya musu sharaɗi tun farko: rami santimita 50 faɗi, 50 tsawo, 50 zurfi, a haƙa mako biyu kafin ranar. Ƙasar sama a ware ta, a gauraya da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ita za a fara mayarwa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yanke gindin ledar da reza kamar santimita 2 don a zubar da saiwar da ta lanƙwashe, a tsaga gefe, a zare ledar gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, haɗin aure kuma ya kasance a sama. A danne da ƙafa, a yi masa ɗan kwari a kewaye don ya riƙe ruwa. Idan za a shimfiɗa ciyawa don rage bushewa, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin bishiyar saboda gara.

Shinge da ruwan rani ba sa cikin farashin da za su faɗa, kuma su ne suka fi cin kuɗi. Da damina awaki na ɗaure a turke, da an kawar da amfanin gona sai a sake su, akuya ɗaya kuma ta isa ta gama da layi guda kafin azahar. Saboda haka shinge ya tsaya kafin Oktoba: ragar waya mai tsawon mita ɗaya da rabi a kan turaku uku, ko tubalin da aka jera da ramuka don iska, ko ƙayar magarya idan kuɗi ya gaza. Kwandon kara yana da arha amma gara na cinye shi cikin 'yan watanni.

Ruwa kuwa lissafinsa a fili yake. Kowace bishiya na son lita 20 sau biyu a mako daga Nuwamba zuwa Mayu, rani biyu a jere. Bishiya 50 ke nan lita 2,000 a mako, wato jarka 80 mai cin lita 25, kusan kura bakwai ko takwas ta mai ruwa. Kwamitin da bai da wannan ƙarfin gara ya dasa 15 ko 20 ya riƙe su da kyau. A kuma san wanda zai yi ban ruwa a hutun Disamba da na Afrilu, lokacin da ɗalibai ba sa nan. Mafi sauƙi a yi magana da maigadin makaranta, a yanka masa wani abu duk wata, shugaban makaranta ya shaida.

Yana da kyau a leƙa gandun renon gwamnati kafin a biya 'yan kasuwa. Sassan kula da gandun daji na jihohi, da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da Najeriya ta kafa a 2015 don jihohi 11 na arewa, sukan raba dashe da damina, galibi na inuwa da tare iska. Ana iya samun darbejiya a can, a bar kuɗin don mangwaro mai aure da waya. Idan kuma akwai kututturen gawo ko kalgo da ke toho a harabar, a yi masa irin gyaran da manoman Maraɗi suke yi tun shekarun 1980: a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran, a kewaye shi. Saiwarsa ta riga ta yi zurfi, ba ya neman ban ruwa.

Ba kasafai masu renon ke musanya dashen da ya mutu ba sai an yi yarjejeniya. A rubuta a takarda cewa za a riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin dasawa sai bayan wata uku, kuma a sayi rarar guda ɗaya a kan kowane goma, a ajiye a inuwa don cike gurbi kafin ruwa ya ɗauke. Allon da zai ɗauki sunan marigayin kada a kafa shi da ƙusa a jikin bishiya. A gina masa ɗan ginshiƙin siminti kamar mita biyu daga gindi, a rubuta sunan da fentin mai, a riƙa sabunta shi duk bayan damina.