Wasiƙa daga Winnipeg: Tsadar Digirin Nazarin 'Yan Asalin Ƙasa da Abin da Ake Samu

Assalamu alaikum Kawu. Da fatan kana lafiya, da su Inna da duk mutanen gida.

Ka ce in bayyana maka karatun da nake yi a Jami'ar Winnipeg, tunda ƙanena ma ya fara zancen fitowa. Digiri ne na farko a kan 'yan asalin Kanada: al'ummomin da Turawa suka tarar, irin su Cree da Anishinabe da Inuwit na can arewa mai ƙanƙara, da kuma Metis, waɗanda suka samo asali daga auratayyar Turawa da 'yan asalin ƙasar. Ana kammala shi cikin shekara uku ko huɗu. Jami'ar Trent ta jihar Ontario ce ta fara buɗe irin wannan sashe a 1969. A tamu jami'ar kuwa, tun 2016 duk ɗalibi, ko lissafi yake karantawa, sai ya ɗauki darasi ɗaya a fannin kafin a ba shi shaida.

Bari in fara da aljihu. Baƙo yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya. A Janairun 2024 aka ce sai ɗalibi ya nuna dala 20,635 ta Kanada ta ci da sha, ban da kuɗin makaranta, alhali kafin nan dala 10,000 ce; daga baya ma an sake ƙarawa. Aikin da aka yarje masa a wajen makaranta awa 24 ne a mako, kuma ba ya riƙe mutum. Jihar Manitoba, inda Winnipeg take, ta cire ɗaliban waje daga tsarin asibitin kyauta tun 2018, inshora muke saya. Littafi ma da tsada, ba kamar gida ba da ake kai shi shagon hoto a kwafe. Rigar sanyi da takalmi kuwa dole ne, don a Janairu awo yakan sauka 30 ƙasa da sifili.

Amma abin da ake sayar maka da wannan kuɗi, Kawu, ban taɓa ganin irinsa ba. Dattawan waɗannan al'ummomi suna da wurin zamansu a cikin jami'a. Ɗalibi yana zuwa ya zauna gabansu, abin da suka faɗa kuma ana ɗaukarsa ilimi, ana kafa hujja da shi a rubutu. Na tuna tsofaffinmu na Zage da masu ƙira da masu jima, waɗanda ɗalibai ke zuwa su naɗi muryarsu su tafi, ba a taɓa ba su kujera a aji ba. Wannan kam sun fi mu.

Sun fi mu kuma wajen adana takardu. A Jami'ar Manitoba, nan cikin gari, akwai cibiyar da ke riƙe da bayanan makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda aka kwashe yaran 'yan asalin ƙasa kusan 150,000 daga hannun iyayensu, aka hana su magana da harshensu. Ta ƙarshe ba ta rufe ba sai a shekarun 1990. Hukumar gaskiya da sulhu da aka kafa don binciken makarantun ta kammala aikinta a 2015 da shawarwari 94, kuma muna bin su ɗaya bayan ɗaya a aji. Da yawa daga takardun suna intanet, daga ɗaki ake karanta su. Dukiyar da ke Arewa House da gidan adana tarihi na Kaduna ba ta gaza wannan ba, sai dai mai nema dole ya yi tattaki.

Tarihin nasu ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Kamfanin Hudson's Bay, wanda aka kafa a 1670, shi ya riƙe yankin nan har aka miƙa shi ga Kanada a 1870, kamar yadda kamfanin Neja ya share wa Gwamna Lugga hanya. Winnipeg tana zaune ne a kan ƙasar da Yarjejeniya Mai Lamba Ɗaya ta shafa, wadda gwamnati ta ƙulla da sarakunansu a 1871. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ruwan famfo. Ruwan da muke sha daga tafkin Shoal ake jawo shi, amma al'ummar da ke bakin tafkin sun yi daga 1997 zuwa 2021 suna ƙarƙashin umarnin tafasa ruwa kafin su sha.

Inda muka fi su shi ne harshe. Ɗalibin Hausa a Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo yana fita daga aji kasuwa ta ci gaba da koya masa. A nan kuwa ina zaune da matasan da ke koyon gaisuwa da harshen kakarsu daga tushe, wasu da hawaye.

Game da aiki, masu wannan digiri suna shiga majalisun al'ummomin, da ma'aikatun gwamnati, da kamfanonin wuta da ma'adinai waɗanda ke tuntuɓar masu ƙasa kafin su fara haƙa. Guraben da yawa 'yan asalin ake fifitawa, kuma haƙƙinsu ne. Don haka idan ƙanena zai zo, a gaya masa ya haɗa shi da nazarin muhalli ko aikin jin daɗin jama'a, kuma kada a sayar da gonar Inna sai kuɗin shekara biyu sun tabbata a hannu.

A gaishe da kowa da kowa.