Sharhi: Zagaya Berlin cikin Trabant a kan sawun katanga

A Berlin akwai masu ba baƙo makullin tsohuwar motar Jamus ta Gabas, Trabant, wadda Jamusawa ke kira Trabi, ya tuƙa da kansa cikin ayari. Jagora yana gaba a tasa motar, yana bayani ta rediyon da aka haɗa wa kowace mota, saura na biye da shi. Gajeren zagaye awa ɗaya ne da ɗoriya, dogon ya kai awa biyu. A ganina kuɗin bai tafi a banza ba, sai dai motar ta fi koyar da mutum a kan katangar Berlin, wadda ta raba gabashin birnin da yammacinsa, kuma wanda ke riƙe da sitiyari shi ne ya fi kowa rashin ganin gari.

Yawancin motocin samfurin 601 ne, wanda aka ƙera a garin Zwickau na Jamus ta Gabas daga 1964 zuwa 1990. Injin silinda biyu ne, cc 594, ƙarfin doki 26, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Irin injin ƙaramin janareton nan ne da ake zuba wa baƙin mai cikin fetur: kashi ɗaya na mai, kashi 50 na fetur. Daga nan ne shuɗin hayaƙin da ƙarar "tam-tam-tam" suke fitowa. Ka ƙwanƙwasa ƙofa za ka ji ba ƙarfe ba ce, wani haɗi ne na tarkacen auduga da ƙaro mai suna Duroplast, domin farantin ƙarfe ya yi wa ƙasar wuya. Duk da haka mutum kan yi rajista ya jira fiye da shekara goma kafin layi ya zo kansa.

Kafin a tashi ana yin ɗan darasi na mintoci, kuma a nan ya kamata ka kasa kunne. Tanki yana gaba, ƙarƙashin bonet, sama da inji, fetur na gangarowa da kansa ba tare da famfo ba. Saboda haka akwai makunnin fetur a ƙasan dashbod mai matsayi uku: buɗe, rufe, da na ajiya. Wanda ya manta bai buɗe ba, motar za ta tashi lafiya da ɗan abin da ya rage a kafireta, ta yi 'yar tafiya, sannan ta mutu a tsakiyar titi. Agogon mai babu shi a yawancinsu, sanda ake tsomawa cikin tanki. Idan inji ya yi sanyi sai an ja cok, da ya ɗumama a mayar, in ba haka ba fulogi ya jiƙe, mota ta fara shaƙewa.

Giya ita ce jarabawar gaske. Sandar tana gefen sitiyari, wanda ya taɓa jan Fijo 404 ba zai yi baƙunta sosai ba. Lamba ɗaya: tura sandar ciki, ka yi ƙasa da ita. Lamba biyu: sama. Lamba uku: jawo ta wajenka, ƙasa. Lamba huɗu: sama. Ribas sai ka danna ta ciki har ƙurya sannan ƙasa. Kuskuren da kowa ke yi shi ne tashi da lamba uku a zaton ɗaya ce, sai mota ta yi tsalle ta mutu, na baya suna jira. Injin ba shi da ƙarfi a ƙasa, don haka a ba shi totur fiye da yadda aka saba kafin a saki kuloci.

Sai birki. Na ganga ne a ƙafafu huɗu, babu abin da ke taimaka wa ƙafarka, taka shi za ka yi da gaske. A lamba huɗu kuma, da ka ɗaga ƙafa daga totur sai motar ta ci gaba da gangarawa kamar tana firi. Da gangan aka yi haka: mai yana cikin fetur, idan totur a rufe yake tayoyi kuma suna juya inji da gudu, injin zai bushe ya ci kansa. Ma'ana, kada ka dogara ga inji ya rage maka gudu. Bar tazara mai kyau tsakaninka da na gaba, wanda shi ma yau ya fara.

Hanyar takan bi ta Potsdamer Platz, gefen Ƙofar Brandenburg (ba a ratsa ta da mota), Unter den Linden, hasumiyar talabijin mai tsawon mita 368 a Alexanderplatz, sannan East Side Gallery, inda kilomita 1.3 na katangar ke tsaye a bakin kogin Spree, har da zanen Trabant tana fasa ta. Inda motar ta fi dacewa da wurin shi ne Karl-Marx-Allee, faffaɗan titin da gwamnatin gurguzu ta gina don nuna isa, wanda ma'aikatan gininsa suka fara boren da aka yi wa gwamnatin a Yunin 1953. Ƙaramar mota mai hayaƙi tsakanin waɗannan manyan benaye ta fi dogon jawabi bayyana yadda ƙasar take.

Matsalar ita ce katangar kusan duk an rushe ta. Daga 13 ga Agusta 1961 zuwa 9 ga Nuwamba 1989 ta kewaye Berlin ta Yamma na kimanin kilomita 155, aƙalla mutum 140 suka rasa rayukansu a dalilinta. Yau abin da ke nuna inda ta bi shi ne layi biyu na duwatsu da aka shimfiɗa cikin kwalta. Direban da ke kokawa da giya, yana duban danja, masu keke ta damansa da taragon lantarki, zai taka layin nan sau da yawa bai sani ba. A Checkpoint Charlie, tsohuwar mashigar iyaka tsakanin gabashi da yammacin birnin, inda tankokin yaƙin Amurka da na Tarayyar Sobiyet suka yi cirko-cirko a Oktoban 1961, cunkoso ne da masu ɗaukar hoto. Kusa da wurin, a Zimmerstraße, aka harbe Peter Fechter ɗan shekara 18 yana ƙoƙarin tsallake katangar a Agustan 1962, kuma ginshiƙin tunawa da shi yakan wuce kafin jagora ya gama ambaton sunansa. Ƙarar inji na cinye rabin bayanin, danja kuma na raba ayari, sai ka ji ana kwatanta ginin da ba ka iso ba tukuna.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Ku je ku biyu masu lasisi, ku nemi a ba ku damar musanya sitiyari a hanya. Ka riƙo lasisinka na gida tare da na ƙasa da ƙasa. Tuƙi a hannun dama ne kamar Najeriya da Nijar, gudu cikin gari kilomita 50 a awa, wasu tituna 30. Nemi motar da ke kusa da ta jagora, don na ƙarshe shi ke shan hayaƙin kowa. Da hunturu a sa rigar sanyi mai kauri, ɗumin motar daga inji yake zuwa, a tsaye kuwa ba ya kai ko'ina. Dogon mutum zai sha matsi, kujerar baya ta yara ce. Akwai waɗanda aka mayar masu lantarki, ba giya ba hayaƙi, amma wannan kwanon Trabi ne kawai.

Bayan an mayar da makulli, a ware awa biyu a tafi Bernauer Straße da ƙafa. A can ne aka bar wani yanki yadda yake: katanga ta waje, ta ciki, filin yashi a tsakani da hasumiyar masu gadi, ana kallonsa daga bene a tsallaken titi, kuma shiga kyauta ne.